BABI NA UKU: AMBALIYAR 1945 DA SAKE SHATA BABBAR HANYAR BIRNIN MARAƊI

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai duba yadda aka sake gina birnin Maraɗi da ke kudancin Jamhuriyar Nijar bayan ambaliyar da ta ci tsohon gari a shekarar 1945. Za a fi mayar da hankali ne a kan tituna, musamman babbar hanyar da ta ratsa sabon gari ta nufi Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, ruwa ne ya tayar da Maraɗi daga mazauninta na asali, amma ba ruwa ne ya zaɓa mata sabon fasali ba. Gyaɗa da motar ɗaukar kaya da ikon kumandan na Faransa su ne suka shata titunan, kuma ta wannan hanya ne cibiyar gari ta gusa daga ƙofar fada ta koma bakin kasuwa da bakin titi.

An zaɓi Maraɗi ne domin tana cikin 'yan tsirarun biranen ƙasar Hausa da aka ɗauke ɗungurungum aka sake kafawa a kan tsari a cikin ƙarni na 20. Haka kuma lamarin bai yi nisa da mutanen ƙasar Sakkwato ba. Mutumin Fakku ko Kebbe ko Tambuwal ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ruwan damina ke yi wa ginin ƙasa, kuma kalmar kufai ba baƙuwa ba ce a kunnensa.

3.1 Tsohon Gari a Cikin Kwari

Maraɗin da tarihi ya sani a matsayin mazaunin sarauta ta samo asali ne daga jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi gudun hijira zuwa arewa, ta zauna a ƙasar Damagaram na wani lokaci. A wajajen 1819 ne Ɗan Kasawa ya zo ya zauna a Maraɗi, aka ci gaba da kiran wanda ke bisa gado Sarkin Katsina, kamar yadda ake yi har yau. Daga nan ne sarakuna irin su Rauda da Ɗan Mari da Ɗan Baskore suka yi ta kai hari ƙasashen daular Sakkwato, tare da maƙwabtansu Gobirawa waɗanda suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836.

Wannan tarihi shi ne ke bayyana dalilin da ya sa aka kafa garin a inda aka kafa shi. Mutanen da ke zaman ɗar-ɗar ba su neman fili tantagarya inda mahayi zai hango su daga nesa. Kwarin Gulbin Maraɗi a wancan zamani yana da duhuwar itatuwa da ke hana dawaki sukuwa, ga ruwa kusa, ga fadama mai ba da abinci ko da damina ta yi gardama. Don haka aka gina gari a cikin kwarin, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi huɗu, fada da masallaci da dandali suna tsakiya, unguwanni irin su Bagalam da 'Yandaka da Maradawa da Limanci suna kewaye da su. Hanyoyin cikin gari kuwa lunguna ne masu karkace-karkace, waɗanda aka yi domin mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Ba rashin dabara ba ne. Lungu mai lanƙwasa yana rikita baƙon da ya shigo da mugun nufi, yana ba da inuwa, yana kuma kare mutuncin cikin gida daga idon masu wucewa.

Shi kuwa gulbin, daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya sake komowa Nijeriya ya zuba a Gulbin Rima. Ba ya gudana sai da damina. Irin wannan gulbi yana da yaudara, domin yakan yi shekaru yana bin turbarsa lami lafiya har mutane su saki jiki su matso da gine-ginensu, sa'annan wata shekara ruwan da aka yi can kudu ya taru ya iso gaba ɗaya.

3.2 Zuwan Faransawa da Cinikin Gyaɗa

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1904 da 1906, da aikin shata iyaka da aka yi tsakanin 1906 da 1908, su suka sanya Maraɗi a ɓangaren Faransa, Katsina kuma a ɓangaren Ingila, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kimanin kilomita 90 ba. A 1927 Faransawa suka mayar da hedikwatar yankin daga Tasawa zuwa Maraɗi. Abin lura a nan shi ne, su Turawan ba su zauna cikin kwari tare da jama'a ba. A kan tudun da ke gabas da gari suka gina ofisoshinsu da gidajensu, saboda gudun sauro da laima. Ke nan tun kafin ambaliya an riga an sami gari biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama.

Abu na biyu da ya sauya al'amura shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru Kano ta zama matattarar gyaɗar da ake fitarwa zuwa Turai ta Ikko. Ga manomin ƙasar Maraɗi, Kano da ke da nisan kimanin kilomita 250 ta fi kowace tashar Faransawa kusa. Daga shekarun 1930 kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA, da wasu fatake Kwarori, suka buɗe kantuna a Maraɗi suna sayen gyaɗa da kaka, suna sayar da atamfa da gishiri da sukari da kananzir. A 1942, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya toshe hanyoyin fitar da kaya, aka kafa masana'antar matsar man gyaɗa ta Siconiger a garin. Duk wannan harka kuwa ta mota ce. Babbar mota ɗauke da buhuna ba ta iya kurɗawa cikin lungu, ba ta kuma iya ratsa laka a fadama. Saboda haka, a lokacin da damina ta 1945 ta kama, tsohon gari ya riga ya zama ƙaya a ƙafar hukuma da 'yan kasuwar Turawa.

3.3 Ambaliyar da Hukuncin Tashi

A daminar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya batse, ruwa ya shiga gari ya rushe babban ɓangarensa. Ba sai igiyar ruwa mai ƙarfi ke kayar da ginin ƙasa ba. Ya isa kawai ruwa ya kwanta a gindin katanga na kwana ɗaya ko biyu. Tubalin ƙasa ya jiƙa ya narke, nauyin azara da rufin soro ya danno daga sama, sai ɗaki ya zauna. Haka rumbu yake yi, kuma asarar rumbu ta fi ta ɗaki ciwo, domin ɗaki ana sake gina shi da rani, hatsin da ya jiƙa kuwa ya tafi ke nan. Bayan wannan ne hukumar mulkin mallaka ta yanke hukuncin cewa ba za a sake gini a cikin kwari ba, gari zai koma bisa tudu, kusa da mazaunin Turawa.

Babu mai musun cewa hukuncin yana da hujja. Amma yana da kyau a tambaya, me ya sa aka iya zartar da shi a Maraɗi, alhali wasu birane da suka fi ta ƙarfi da dukiya sun kasa yin irinsa? Bayan gobarar da ta cinye birnin Landan a 1666, masanin gine-gine Christopher Wren ya gabatar da taswirar sabon birni mai miƙaƙƙun tituna, amma ba a yi aiki da ita ba, saboda masu filaye suna riƙe da haƙƙinsu, kuma kowa ya ƙagara ya koma kan kangonsa. Aka sake gina Landan a kan tsofaffin layukanta. A Lizbon ta ƙasar Fotugal kuwa, bayan girgizar ƙasa ta 1 ga Nuwamba 1755, babban waziri Pombal ya share tsakiyar birnin ya shata tituna masu gicciye da juna, domin yana da ikon da babu mai ja da shi. Wato bala'i shi kaɗai ba ya sake fasalin gari, sai an sami hukumar da ke iya cewa a tashi, a kuma tashi.

Kumandan na Faransa a 1945 yana da irin wannan iko. Dokar da ta ba shi damar ɗaure talaka ko cin sa tara ba tare da shari'a ba tana nan, ba a gama soke ta ba sai a farkon 1946. Aikin tilas ma ba a haramta shi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake danganta ta da Houphouët-Boigny na ƙasar Kwaddibuwa. Bugu da ƙari, magidancin Maraɗi ba takarda yake riƙe da ita a kan gidansa ba. Gado ne da shaidar maƙwabta da yardar sarki, kuma duk waɗannan ba su da nauyi a gaban dokar Faransa. Ke nan ƙaurar ta faɗo ne daidai kan gaɓar ƙarshe ta zamanin da ake iya tayar da gari da umarni kawai. Ba wannan ne ma karo na farko ba a Nijar. A Yamai, bayan gobarar 1935, hukuma ta yi amfani da damar ta kwashe unguwannin 'yan ƙasa daga bakin kogin Kwara ta mayar da su kan tudu a cikin jerarrun filaye. Ga hukuma dai, a wurare biyun, faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

3.4 Dandali da Babbar Hanya

Sabon garin da aka shata a kan tudu yana da cibiya biyu, kuma a nan ne zuciyar wannan babi take.

Cibiya ta farko ita ce dandalin da ke gaban fadar Sarkin Katsina. An bar masa fili mai faɗi, tituna suka fita daga gare shi suka nufi sassan gari. Unguwannin da suka hauro daga kwari sun taho da sunayensu, shi ya sa har yau ake da Bagalam da 'Yandaka da Maradawa da Limanci a Maraɗi, duk da cewa ƙasar da suke kai ba ita ce ta kakanni ba. Wannan ya nuna cewa masu tsarin sun fahimci ba za a iya ɗauke jama'a a bar sarauta a baya ba. Dandali a garin Hausawa ba fili ba ne kawai. Nan ake hawan salla, nan ake naɗi, nan ake shela. Faransawa kuwa sun zo da tasu al'ada ta fili mai tituna da ke fita daga gare shi ta kowace fuska, irin wadda Haussmann ya yi wa birnin Faris tsakanin 1853 da 1870. Sai abubuwan biyu suka dace da juna a ido, ko da yake ma'anarsu ba ɗaya ba ce. Ga Bahaushe, hanyoyi suna taruwa a ƙofar sarki ne domin a zo gaisuwa. Ga kumandan kuwa, miƙaƙƙen titi yana nufin ɗan doka zai tsaya a baki ɗaya ya hangi ɗaya bakin, mai ƙidayar haraji kuma ba zai ɓata ba.

Cibiya ta biyu ita ce babbar kasuwa da hanyar da ta bi ta gefenta. Wannan hanya ta taso ne daga titin da ya haɗa Yamai da Damagaram a arewacin gari, ta ratsa Maraɗi ta yi kudu zuwa iyaka. A tsohon gari, hanyar fatake tana ƙarewa ne a ƙofar ganuwa, daga nan baƙo ya sauke kaya ya nemi fatoma. A sabon gari babu ganuwa, babu ƙofa, kuma hanyar ba ta ƙarewa, wucewa take yi. Wannan bambanci ƙarami ne a taswira, amma babba ne a zaman jama'a. An yi ta da faɗin da manyan motoci za su gitta juna, su tsaya su yi lodi, kantunan kamfanoni da ɗakunan ajiyar gyaɗa da tashar mota suka taru a bakinta da kewayen kasuwa. Ranakun Litinin da Jumma'a, waɗanda su ne ranakun cin kasuwar, a nan ne gari ke haɗuwa. Fada ta riƙe martabarta, Sarki Buzu Ɗan Zambadi ya yi shekaru masu yawa a kan gado bayan ƙaurar, amma darajar fili ta koma ana auna ta da kusancinsa ga titi, ba ga ƙofar sarki ba.

Idan aka kwatanta da Kano za a ƙara ganin bambancin. Ingilishi ba su taɓa cikin birnin Kano ba. Sun bar ganuwa da lunguna yadda suka same su, suka gina Nasarawa da Sabon Gari da unguwar kantuna a waje, shi ya sa har gobe ake maganar birni da waje a Kano. A Maraɗi kuwa ambaliya ta shafe wannan rabo, birnin kansa ne ya fito waje. Tsohon mazaunin ya koma gonaki da lambuna.

Wani abin da sabon tsarin ya shigo da shi shi ne fili mai kusurwa huɗu wanda aka auna aka kafa masa turaku. Har kalmar Faransanci ta irin wannan fili ta shiga bakin mutane a matsayin “kare”, shi ya sa ake da unguwar Sabon Kare a garin, kuma ba ta da wata dangantaka da dabbar da aka sani. Gidan Bahaushe na gargajiya yana faɗaɗa ne da ƙaruwar iyali, idan ɗa ya yi aure a ja masa danga a yi masa sashe. Filin da titi ya tokare ta gaba, maƙwabta suka tokare ta sauran fuskoki, ba ya miƙewa. Don haka ɗan da ya yi aure ko dai a matsu a cikin gida, ko kuwa ya nemi nasa fili a sabuwar unguwa. Wannan yana cikin abubuwan da suka sassauta zaman gandu a cikin gari, ko da yake kuɗin gyaɗa da neman na kai su ma sun taka tasu rawa.

3.5 Waɗanda Suka Gaji Hanyar

Hanyar da aka shata domin kamfanonin Turawa ba ta daɗe a hannunsu ba. Kamfanonin ba su iya shiga ƙauyuka da kansu, sai suka riƙa ba 'yan kasuwar gari kuɗi da kaya bashi su sayo musu gyaɗa. Daga cikin waɗannan dillalai ne aka sami rukunin attajiran da ake kira Alhazan Maraɗi, waɗanda masani Emmanuel Grégoire ya yi nazari a kansu. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin Sonara a 1962 ya karɓi harkar fitar da gyaɗa. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya buɗe wa Alhazan ƙofar shigar da kaya arewacin Nijeriya, sa'annan farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa. Da a ce gyaɗa kaɗai ke riƙe da garin, da ya durƙushe a lokacin. Amma hanyar ta riga ta sami wani aiki, wato fito da atamfa da taba sigari da shinkafa zuwa Nijeriya, da shigo da man fetur da siminti da takin zamani daga can.

Ƙidayar jama'a ta nuna irin wannan bunƙasa. A 1977 mutanen garin sun kusa 45,000, a 1988 sun haura 110,000, a ƙidayar 2012 kuma an sami 267,249. Sababbin unguwanni irin su Sabon Gari da Zariya da Ali Ɗan Tsoho sun ci gaba da bin tsarin jerarrun filaye, domin shi ne mafi sauƙin aunawa da rabawa. A shekarar 2015, lokacin da aka yi bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba a Maraɗi a ƙarƙashin shirin Maraɗi Kwalliya na gwamnatin Mahamadou Issoufou, manyan titunan gari ne aka fi kashe wa kuɗi. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wato ta turbar da buhunan gyaɗa suka bi.

3.6 Abin da Tsarin Bai Magance Ba

Hawa tudu ya raba Maraɗi da gulbi, amma bai raba ta da ruwa ba. Ƙasar tudun rairayi ce, kuma ta gangara ne zuwa kwari ta yamma. A da, ruwan saman da ya sauka a kan tudun yana nutsewa a gonaki da saura. Da aka rufe ƙasar da gidaje da rufin kwano da kwalta, sai ruwan ya rasa wurin shiga, ya bi miƙaƙƙun tituna da gudu, tun da babu lanƙwasar da za ta rage masa ƙarfi. Inda babu isassun magudanan ruwa da kwalbatoci, titin kansa ke zama rafi, kuma a bakin gangare yake haƙa kwazazzabai masu cin gidaje da hanyoyi. Masu tsarin 1945 sun yi lissafin ruwan da ke tasowa daga ƙasa, sun bar wanda ke sauka daga sama.

Shi ma gulbin ya sauya hali tun bayan da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a wajajen 1990, wadda ta rage ruwan da ke isa fadamun Maraɗi, har manoman kwari suka koka. Duk da haka kwarin bai daina kisa ba, domin ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018 ta hallaka mutane da dama. A cikin Maraɗi kanta, ruwan saman da aka tafka a ƙarshen watan Agusta 2024 ya rushe gidaje ya kashe mutane a unguwannin da ke bisa tudun da aka gudo a 1945.